Ƙeyar Gawayi

Ba a san layin nan cike yake da masoya zane ba sai da Gawayi ya mutu. Mahauci ya zo gaisuwa yana kuka har da majina, shi da ya taɓa bin yaron da gudu har bakin titi. Mai kemis ya ce ai shi tun farko ya ga alama, irin waɗannan masu baiwar ba sa daɗewa a duniya. Bakanike ya rantse da Allah ba a taɓa haihuwar mai hannu irin nasa ba. Yayar mamacin, tela mai shago a tsakiyar layin, tana zaune tana jin su, ta naɗe hannu a cinya. Ta san kowannensu, ta kuma san abin da kowa ya ce da ƙanenta lokacin da yake da kunnen ji.

Ita ta raine shi. Iyayensu sun rasu yana ƙarami, suka koma hannun Kawu, ƙanen mahaifiyarsu, mai shagon kayan gini a bakin layin. Tun bai iya ɗaura wando da kyau ba yake tsintar gawayi a murhu yana ɓata bango, har sunan ya bi shi, na gaskiyar ya ɓace. Da farko kaji yake zanawa da motoci, ana mangare shi a wuce. Sai wata rana ya zana Kawu a jikin bangon shagonsa ta waje, tumbi a gaba, baki a karkace, yana sosa kunne da makulli. Bai rubuta suna ba, kuma babu buƙata. Duk wanda ya zo wucewa sai ya tsaya, ya dubi bango, ya dubi Kawu, ya riƙe ciki.

Kawu ya fito da kwaɗon rufe shago a hannu. Yaron ya sheƙa a guje, kwaɗon ya same shi a ƙeya. Yaya ce ta toshe wurin da ɗankwalinta har jinin ya tsaya, tana kuka tana zaginsa a lokaci guda. Raunin ya warke, amma gashi bai sake fitowa a wurin ba, ya bar tabo fari sal kamar faɗin babban yatsa, ɗan karkace zuwa kunnen hagu.

Makaranta ba ta karɓe shi ba, shi ma bai matsa mata ba. Da ya tasa sai ya shiga rubuta allunan shaguna, kuma a nan ne jama'a suka gane ciwon da ke hannunsa: burushinsa bai iya kara ba. Ka ce ya zana ka a allon shagonka, to kai ɗin zai zana, ba wanda kake gani a madubi ba. Mahauci ya fito a nasa allon yana murmushi, babban yatsansa a kan sikeli. Mai kemis ya fito yana gyangyaɗi, baki buɗe, ƙuda yana shawagi. Bakanike yana tsaye a kan injin da ya gama ɗaurawa, yana sosa kai, ga noti guda ya rage a tafin hannunsa. Mai shayi kuwa yana tsiyaya madara, ido a rufe don kada ya ga ƙanƙantarta.

An yi rigima, an yi zage-zage, an kai ƙara wurin Kawu, Kawu ya ce shi ya daɗe da cire hannunsa daga kan wannan ɗan iska. Amma ba wanda ya sauke allonsa, domin mutane daga wasu layuka suna zuwa kallo, in sun gama dariya sai su sayi nama ko su sha shayi. Mutum ɗaya ne ya yi zuciya, mai aski. Nasa allon a cikin shagonsa aka zana shi, aka kafa da safe, kafin rana ta yi tsaka ya sauke shi yana kumfar baki, wai an ɓata masa suna. Yaya ta tambayi ƙanenta me ya yi wa bawan Allah, ya yi dariya kawai ya ce, "Rabu da shi, Yaya, ba ya son gaskiya."

Kada a ce mutuwa ta wanke shi, Gawayi ɗan wahala ne. A ƙuryar shagon Yaya yake aiki, ya jingina allo da bango, ya ba ta baya, ya wuni a haka. Ita tana kan keke tana ɗinki, in ta ɗaga kai ƙeyarsa take gani. Warin fenti da kananzir ya kama kayan mutane, har wata mata ta dawo da riga ta ce mijinta ya tambaye ta ko a gareji ta kwana. Ya taɓa goge burushi da hannun rigar wani ango. Abincinta sai ya ci rabi ya ce ɗanɗanawa ya yi. Aikin kwana biyu sai ya kai wata a hannunsa, saboda wai hancin mutumin bai zauna ba tukuna.

"Kai, buɗe tagar nan, warin nan zai kashe mu," haka take ce masa kullum.

"Iska tana kawo ƙura, Yaya," ya amsa ba tare da ya juyo ba.

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne, duk layin shagonta ne kaɗai ba shi da allo. Ta yi magana har ta gaji. Kullum amsarsa ɗaya ce: "Naki na musamman ne, Yaya, sai na natsu. Gobe."

Tari ya fara masa kamar wasa. Mai kemis ya ba shi ruwan magani mai zaƙi ya ce sanyi ne. Kawu ya ce lalaci ne, ya rage zama wuri ɗaya. Shi kuma ya ci gaba da shaƙar fentinsa taga a rufe. Lokacin da Yaya ta ja shi asibiti da ƙarfin tsiya, likita ya dubi hoton ƙirjin, ya dube ta, ya tambaya me suke jira tun tuni. Bai kai shekara talatin ba. Ya bar gwangwanayen fenti, burusai a cikin kwalba, da tsani mai karyayyen mataki. Ko takarda ɗaya mai zanensa bai bari a shagon ba, domin duk abin da ya zana na wani ne, an zo an ɗauka.

Yaya ta rufe shago ta zauna a gida, ba ta son ganin ƙuryar nan babu kowa. Abin da ke ɗan sanyaya mata rai shi ne allunan suna nan. Ta ce a ranta duk ranar da ƙafarta ta iya ɗaukarta, za ta bi layin daga farko har ƙarshe ta gaisa da hannun ƙanenta.

Ashe a bayan idonta abubuwa sun faru. Wani baƙo ya ɗauki hotunan allunan ya sa a waya, aka yi ta turawa, har wasu masu manyan motoci suka fara tsayawa suna tambayar ina mai zanen. Da aka ce ya rasu, sai suka girgiza kai suka ce an yi babban rashi. Nan fa layi ya farka. Aka kafa kwamitin tunawa da marigayi, Kawu ya zama shugaba ba tare da hamayya ba. Aka sa ranar taro, aka gayyaci manyan baƙi. Sai wani a cikin kwamitin ya kawo maganar da kowa ya ga hikimarta: allunan nan sun koɗe, rana ta ci su, wasu har sun fara ɓamɓarewa, abin kunya ne baƙi su zo su gan su haka. Su 'yan kasuwa ne, a wurinsu allon da ake ƙauna shi ake sabuntawa. Kawu ya ba da fenti kyauta, cikin wanda ya daɗe a shago har ya fara daskarewa. Aka ɗauko wani mai fenti daga wata unguwa, ana ce masa Nan-take, saboda ba ya kwana da aiki.

Ranar da Yaya ta fito, sai da ta tsaya a bakin layin ta duba ko ɓatan hanya ta yi. Ko'ina yana ƙyalli. Ga mahauci a allonsa, hannayensa biyu a ƙirji kamar mai karɓar lambar yabo, sikeli can gefe ba mai taɓa shi. Ga mai kemis ido tar, da farar riga da tabarau, ƙudan ya zama tauraro. Notin da ke hannun bakanike ya koma sifana mai walƙiya. Kowa an rage masa shekaru, an ƙara masa haske, kuma duk hancinsu iri ɗaya ne.

Ta faɗa shagon Kawu ko sallama ba ta gama ba.

"Kawu, me kuka yi?"

"A'a, 'yar nan, kin fito? Madalla. Kin ga aiki ko? Ai ba za mu bar sunan yaron nan ya lalace ba."

"Kun shafe masa aiki, Kawu."

"Wane irin shafewa? Sabuntawa dai. Kan zanensa aka bi, layi bisa layi. 'Yan gyare-gyare ne kawai masu shagunan suka roƙa, kuma da yana raye shi ma da ya gyara, ai lokacin da ya yi su yarinta ce."

"Akwai wanda ba a taɓa ba?"

Kawu ya sosa kunne da makulli yana tunani. "Na mai shayi, ina jin yau za a gama shi."

Ta fita da sauri, mayafi yana jan ƙasa. Ta tarar da Nan-take a kan tsani, tsanin ƙanenta ma, yana fito. Ya riga ya buɗe wa mai shayi ido, ya cika kofin da madara har tana zuba. Saura gefen hannun riga kawai, inda ake ganin shuɗin nan na Gawayi da ya koɗe.

"Malam, dakata! Don Allah bar wannan wurin."

Ya leƙo ƙasa. "Hajiya, ai in na bar shi sai a ce ban iya aiki ba." Ya lakato fenti ya shafe, shafa ɗaya. Mai shayi na ƙasa yana kallon kansa a sama, baki har kunne, ya ce, "Allah ya jiƙan Gawayi, ya iya zane."

Ba ta yi kuka ba, haushi ya hana ta. Ta koma gida tana jin kamar yau aka sake yi mata rasuwar, kuma wannan karon da hannun masu gaisuwa.

Ranar taro aka jera kujerun haya, aka kafa rumfa, aka ɗaura wani ƙaton hoto na leda tsakanin sanduna biyu. Gawayi bai taɓa son a ɗauke shi hoto ba, ɗan ƙaramin na katin shaida kaɗai aka samu, aka kai wa masu buga hoto suka yi masa aiki. Yaya ta zauna a gaba inda aka ajiye mata kujera, ta ɗaga kai. Wani saurayi ne fari, mai kumatu, da kwat da ɗamarar wuya, yana murmushin ma'aikacin banki. Ƙanenta baƙi ne siriri, kunnuwansa a baje, bai taɓa sa kwat ba ko a mafarki. Ta rufe ido don ta ga fuskarsa ta gaske, sai fuskar ledar ta riƙa shigowa tana rufe ta. Tsoro ya kama ta sosai, domin ta ga in aka ci gaba a haka, wata rana wannan baƙon za ta riƙa tunawa.

Kawu ya karɓi lasifika. Ya gyara babbar riga, ya share ido da hankici.

"Jama'a, ba yabon kai ba, ni na fara gano baiwar yaron nan. Bangon farko da ya yi zane a kai, bangon shagona ne. Tun a ranar na ce wannan yaro sai na bar masa abin da ba zai manta da ni ba."

Aka tafa. Yaya ta miƙe a tsakiyar tafin ta bar wurin, don in ta ƙara minti ɗaya za ta faɗi abin da ba a faɗa wa kawu a gaban baƙi.

Shago ɗaya ne a buɗe a duk layin, na mai aski. Yana zaune a kan benci yana goge injin aski da tsohon burushin haƙori. Rabonta da yi masa magana tun ranar da ya zagi ƙanenta.

"Maigida, ba ka je taro ba?"

"In je in yi me? Ni ban iya kukan haya ba. Allah ya jiƙansa, amma yaron nan ya ci mutuncina, kuma mutuwa ba ta sa na manta ba."

Ta tsaya cak. "Allon da ya yi maka fa? Ka ƙona shi?"

"In ƙona katako mai kyau? Yana baya, shi nake rufe janareta da shi saboda ruwa."

"Nan-take bai taɓa shi ba?"

"Sun zo, na kore su. Abin da ba na so, me zai sa in yi masa kwalliya?"

Ya zagaya da ita bayan shagon, wani lungu mai warin fetur. Allon yana kife a kan janareta, an danne shi da bulo. Bayansa ya sha rana da ruwa har ya yi furfura. Mai aski ya ɗauke bulon, ya juyo da shi yana tsaki, ya goge baƙin hayaƙi da gefen hannu.

Kawunan mutane ne a jere, kowanne da irin askinsa. Na farko na gefe, na biyu na gaba, duk mutanen layin ne, ta gane su ɗaya bayan ɗaya, da hancinsu na gaskiya. Na ƙarshe ya juya baya. Siririn wuya, kunnuwa a baje, kai ya ɗan karkata kamar mai duba wani abu a bango. A ƙasan ƙeyar, wajen kunnen hagu, ga farin tabo.

"Kin gani ko?" in ji mai aski. "Na ce ina son guda na baya, don a ga yadda nake fitar da layin ƙeya. Ya zauna a kujerata da madubi biyu ya zana tasa. Na ce cire tabon nan, ya ce ai yana nan, ya za a yi ya cire. Wanda ya fara shigowa da safe ya ce, maigida, haka kake fasa kan mutane? Ke ki faɗa mini, wa zai kawo kansa shagon da aka tallata rauni?"

Yaya ba ta ji rabin maganarsa ba. Ta sa yatsa a kan tabon, daidai inda ta taɓa dannawa da ɗankwali.

"Ka ba ni shi."

"Ɗauki mana, ni me zan yi da shi? Amma ga hadari ya haɗo, da me zan rufe injina?"

"Jira ni."

Kafin ta isa rumfa an fara yayyafi, manyan baƙi suna rige-rigen shiga mota, Kawu yana bin su da ragowar jawabinsa. Ta ciro almakashi daga jaka, ta yanke igiyoyin hoton guda huɗu, ta naɗe shi a hammata.

"Yawwa, 'yar nan," Kawu ya ɗaga murya daga nesa, "kai shi gida ki adana, kada ya jiƙe. Na ce a bar miki shi."

"Na gode, Kawu. Zan kai shi inda ya dace."

Mai aski ya shimfiɗa ledar a kan janareta, ya ja gefe da gefe, ya ɗora bulo a kan kwat ɗin. Ya ja da baya ya duba, ya gyaɗa kai. "Wannan ta fi ma, ruwa ba ya ratsa ta."

Ta rungumi allon ta juya zanen ta jikinta, ta bi layin a cikin ruwa, ta wuce mahauci mai gaskiya da mai kemis mai ido biyu. Ta buɗe shagonta, wanda har yanzu ba shi da allo a ƙofa. Warin fenti yana nan bai fita ba. Ta kai shi ƙurya ta jingina da bango, ta ɗora shi a kan gwangwanaye biyu har tsayin ya yi daidai. Ta kakkaɓe keke, ta zauna, ta zura zare, ta ɗauko wata riga da mai ita ta gaji da jira.

Ta taka keken, ta kai ƙarshen layin ɗinki, ta ɗaga kai kamar yadda ta saba.

"Kai, buɗe tagar nan," ta ce.

Bai juyo ba, dama can ba ya juyowa. Sai a lokacin kukan ya zo mata, ta kifa kai a kan rigar mutane ta yi shi son ranta.